Me Ya Sa Hotunan Ɗakin Taro Suka Fito Dishi-Dishi?



Duk wanda ya tsaya a gaban wannan allo mako biyu da suka wuce ya san mun yi alkawari ba mu cika ba. Mun ce za mu liƙa hotunan bikin raba kyaututtuka, sai ga shi guda huɗu kacal muka liƙa, su ma na waje ne, na lokacin da baƙi suke isowa. Tun daga ranar ake tare mu a hanya ana tambaya ina sauran. Yau za mu faɗi gaskiya: sauran ba su liƙuwa. Mun ɗauki hotuna fiye da 60 a cikin ɗakin taro, amma da aka zuba su a kwamfutar ofis sai muka tarar kusan dukansu sun yi dishi-dishi. A wani hoton babban baƙo yana da hannu uku. A wani kuma 'yan rawar gargajiya sun koma kamar hayaƙi. Wanda ya fi ɓata mana rai shi ne na yayarmu 'yar aji uku da ta zo ta ɗaya a lissafi. Kakarta ta taho tun daga ƙauye saboda wannan rana, ta tsaya kusa da ita a kan dandamali, bayan an tashi kuma ta roƙe mu hoto ɗaya tak da za ta koma da shi gida. Da muka buɗe hoton, ba a gane fuskar kowa a cikinsu.

Da farko kyamara muka ɗora wa laifi. Muka ce ai ta tsufa, har muka fara shirin karo-karo daga kuɗin tara don a kai ta wurin mai gyara. Daga baya muka koma zargin juna, wannan ya ce wancan ne bai iya riƙo ba, wancan ya ce wannan ne ya taɓa wani madanni. Malamin da yake kula da ƙungiyarmu ya saurare mu har muka gama, sannan ya miƙo kyamarar ya ce mu fita mu ɗauko masa hoton darbejiyar da ke bakin ofis. Hoton ya fito tar, har ana iya ƙirga ganye. Malam ya tambaye mu ko mun taɓa ganin lalatacciyar kyamara mai zaɓen wurin da za ta lalace. Muka yi shiru. Ya ba mu mako ɗaya mu gano dalili da kanmu. In mun kasa, ranar muhawara makaranta za ta ɗauko mai hoto daga gari, kyamara kuma ta koma kabad a kulle.

Mun yi kwana biyar muna tsayawa bayan an tashi, muna gwaji a aji da ɗakin taro, muna karanta ɗan littafin da ya zo da kyamarar, muna kuma damun malamin kimiyya da tambaya. Ga abin da muka samo. Zai amfani duk mai ɗaukar hoto a cikin ɗaki, ko da kyamara ko da wayar gidansu, domin dokar ɗaya ce.

Ashe ɗakin taronmu duhu gare shi

Wannan ne abu na farko da ya ba mu mamaki. Mu da muke zaune a ciki ba ma ganin duhun, saboda idon mutum yana sabawa. In ka shigo daga rana za ka ga duhu na ɗan lokaci, can sai komai ya washe, ka manta. Amma hasken ɗakin bai ƙaru ba, idonka ne ya gyara kansa.

Masana suna auna haske da wani ma'auni da ake kira luks. Hasken rana tsaka yakan kai luks 100,000. Aji mai wadataccen haske kuwa yana tsakanin luks 300 zuwa 500. Wato rana ta ninka shi sau 200 ko fiye. To ɗakin taronmu ko ajin kirki bai kai ba. Ranar bikin an ɗauke wuta tun kafin a fara jawabi, yara masu leƙe kuma suka cika tagogi suka tare ɗan hasken da ya rage.

Yanzu mu leƙa cikin kyamara. A bayan gilashin gaba akwai wani ɗan faifai da ake kira sensa, ita ce take karɓar haske ta mayar da shi hoto. A gabanta akwai ɗan marfi. In ka danna madanni, marfin ya buɗe, haske ya shiga, sannan ya rufe, kamar ƙiftawar ido. Hoto ba ya fitowa sai sensa ta sami hasken da ya ishe ta.

Mu ɗauki misali da ɗiban ruwa a famfon makaranta. In famfo yana zuba da ƙarfi, nan da nan bokiti ya cika. In kuwa ɗiga yake yi, sai ka daɗe a tsaye kana jira. Haske shi ne ruwan, hoto shi ne bokitin. A waje haske yana zuba da ƙarfi, marfi ya buɗe ya rufe kafin komai ya motsa. A ɗaki haske ɗiga yake yi, dole marfi ya daɗe a buɗe. Duk abin da ya motsa a wannan tsakanin, ko hannunka ne ko wanda kake ɗauka, sai ya zana kansa a wurare da dama a hoto guda, kamar ka sa tafin hannu ka shafa rubutun alli a kan allo. Wannan shi ne dishi-dishin.

Lambar da ta tona asiri

Kowane hoto da kyamara ta ɗauka, tana ajiye bayaninsa tare da shi. In kana kallon hoto a bayan kyamara ka danna madannin da aka rubuta DISP ko INFO, za ka ga lambobi sun fito. Ɗaya daga cikinsu irin ta ɗaya bisa kaza ce da ake koya mana a darasin lissafi, kamar 1/500 ko 1/60. Ita ce take nuna tsawon lokacin da marfi ya yi a buɗe. 1/500 na nufin a raba sakan ɗaya gida 500 a ɗauki kashi ɗaya.

Kada a manta da abin da malamin lissafi yake nanata mana: in lambar ƙasa ta yi girma, kason ya ƙanƙance. In aka raba rake gida 8 kowa zai sami abin sha, in aka raba shi gida 500 ko ɗanɗano ba zai kai ba. Saboda haka 1/8 ya fi 1/500 tsawo nesa ba kusa ba.

Da muka duba namu hotunan, ga abin da muka gani. Hoton darbejiya, 1/500. A aji kusa da taga, 1/60. A ƙarshen aji inda babu taga, 1/15. A ɗakin taro ranar biki, 1/8, wasu ma 1/4. Ke nan marfi ya daɗe a buɗe fiye da sau 60 in aka kwatanta da waje.

Hannun mutum ba ya tsayawa cik, komai ƙoƙarinsa. Zuciya tana bugawa, ana numfashi, yatsa yana danna madanni. Ga yawancin mutane, in lokacin ya fi 1/60 tsawo, rawar hannu takan fara nunawa a hoto. Mutum mai tafiya yana buƙatar kamar 1/125 ko 1/250 kafin ya fito sosai, 'yan gudu da 'yan ƙwallo kuwa 1/500 ko abin da ya fi haka sauri. Mu kuma muna ta fama da 1/8, a tsaye, da hannu ɗaya, ana ture mu.

Wannan matsala ba yau ta fara ba. A shekarar 1838 wani Bafaranshe mai suna Louis Daguerre ya ɗauki hoton wani babban titi a birnin Paris daga tagar bene. A zamanin sai an bar kyamara a buɗe na mintoci kafin hoto ya kamu. Titin mai yawan zirga-zirga ne, amma a hoton ya fito wayam, domin mutane da keken doki ba su tsaya wuri ɗaya ba balle su kamu. Wanda ya fito shi ne wani mutum da ya tsaya ana goge masa takalmi, tare da shushainan da yake yi masa aiki. Tsayuwarsu ce ta sa suka shiga tarihi.

Dishi-dishi iri huɗu ne

Likita ba ya ba da magani sai ya san ciwo. Kafin ka taɓa kowane madanni, ka ƙura wa hoton ido ka gane wane iri ne ya same ka.

Na farko, rawar hannu. Alamarsa ita ce komai da komai ya yi dishi-dishi: mutum, bango, kujera, har rubutun da ke jikin allo. Sau da yawa layi ɗaya yakan koma biyu. Tunda bango ba ya motsi, ka san kyamarar ce ta motsa.

Na biyu, motsin wanda ake ɗauka. A nan bango da tebur sun fito tar, amma hannun mutum ko kansa ya ja jela kamar tauraruwa mai wutsiya. Hannu ukun babban baƙo daga nan ya samo asali, yana miƙa kyauta aka ɗauka.

Na uku, kuskuren saiti. Kyamara ba ta iya sa ido a kan na kusa da na nesa a lokaci ɗaya, sai ta zaɓi guda. In ta zaɓi bangon baya ko kan wani da ke gabanka, fuskar da kake so sai ta yi laushi, amma ba jela, ba layi biyu. Wannan ya fi faruwa a duhu, domin kyamara tana neman wurin da haske da duhu suka haɗu ƙarara ta kama saiti da shi, a duhu kuwa komai ya zama kusan launi ɗaya.

Na huɗu, datti a gilashi. Alamarsa hazo ne a kan kowane hoto, har na waje, kuma ƙwan lantarki yakan fito da wani zobe ko tartsatsi a gefensa. Wannan bai same mu ranar biki ba, amma ya same mu a wajen gwaji, bayan wani daga cikinmu ya ci awara ya ɗauki kyamara. Ba za mu faɗi sunansa ba, ya san kansa.

Da muka kasa hotunan biki kashi-kashi, mafi yawa sun faɗa a na farko, sai na biyu ya bi masa, kaɗan ne na uku. Kuma mun tuna cewa ranar wata 'yar alama mai siffar kyamara tana rawa ta riƙa ƙiftawa a fuskar kyamarar. Mun zaci batir ne zai ƙare. Ashe gargaɗi take yi mana cewa haske ya yi kaɗan, hoto zai girgiza.

To mene ne magani?

1. Ka fara da neman haske. Wannan ya fi duk wani madanni, kuma kyauta ne. A buɗe tagogi da ƙofofi, a ɗage labule, a kunna fitilu in akwai wuta. In kana da ikon zaɓen wuri, ka kai mutum kusa da taga ko bakin ƙofa. Taga ta kasance a bayanka ko a gefenka, hasken ya sauka a fuskarsa. In ka sa taga a bayansa, fuskar za ta fito baƙi kamar inuwa.

2. Ka gyara riƙo. Hannu biyu, gwiwar hannu manne da haƙarƙari, ƙafafu a ɗan ware. Kada ka miƙa kyamara can gaba kamar mai miƙa saƙo. Ka rataya igiyarta a wuya ko a hannu. Ka ja numfashi, ka saki rabi, ka tsaya, sannan ka danna a hankali. Ba a dukan madanni kamar ana kashe sauro. Bayan ka danna ma kada ka yi saurin sauke hannu, ka ƙirga ɗaya, biyu.

3. Ka nemi abin jingina. Bango, ginshiƙi, bakin taga, bayan kujera, duk suna taimakawa. Mafi kyau shi ne a ajiye kyamarar gaba ɗaya. Masu hoto suna da sanda mai ƙafa uku, mu ba mu da ita, sai muka jera littattafai a kan tebur muka ɗora safa mai tsabta cike da wake, muka zaunar da kyamara a kai. Sannan muka kunna agogon jinkiri, wanda alamarsa take kama da agogo. Yawanci akwai na sakan 2 da na sakan 10. Ka danna ka janye hannu, kyamara ta ɗauka da kanta ba mai taɓa ta. Da wannan dabara mun ɗauki rubutun allo a 1/4 ya fito tar. In kyamararka tana da na'urar rage girgiza, mai alamar tafin hannu, ka bar ta a kunne. Amma a sani, duk waɗannan maganin rawar hannu ne kawai, ba sa hana mutum motsi.

4. Ka matsa da ƙafarka, kada ka jawo da madanni. Ranar biki mun tsaya can baya saboda kunya, muka riƙa jawo dandamali kusa. Wannan kuskure biyu ne a haɗe. Na ɗaya, jawowa tana ƙara girman girgiza. Duk wanda ya taɓa tsinko mangwaro da doguwar gora ya san cewa in hannu ya motsa kaɗan, bakin gorar motsi mai yawa yake yi. Na biyu, a ƙananan kyamarori, in aka jawo, kafar da haske yake bi takan tsuke. A gaban gilashi akan rubuta lamba biyu, misali 2.8 da 5.6. Ta farko ta lokacin da ba a jawo ba ce, ta biyu ta lokacin da aka jawo har ƙarshe. Ƙaramar lamba ita ce babbar kafa, kuma a 5.6 kashi ɗaya cikin huɗu na hasken 2.8 ne kawai yake shiga. Ɗan jarida ba ya jin kunya. Ka nemi izini ka je gaba ka tsuguna.

5. Ka ɗaga lambar ISO. Wannan lamba tana nuna yadda kyamara take ƙarfafa ɗan hasken da ta samu. Duk lokacin da ka ninka ta, lokacin buɗe marfi yakan ragu da rabi. Mun gwada a ɗakin taro: a ISO 100 mun sami 1/8, a 200 mun sami 1/15, a 400 mun sami 1/30, a 800 mun sami 1/60. Sai dai akwai ladan da ake biya. Kamar rediyo ne in tasha ba ta kamu sosai ba, ka ƙara murya, magana ta ƙaru, shuuu ɗin ma ya ƙaru. A hoto wannan yakan fito ɗigo-ɗigo kamar an barbaɗa yashi. Mu dai mun yanke shawara: gwamma hoto mai ɗigo-ɗigo da ake gane fuska da mai santsi da ba a gane kowa. A kyamarori da yawa sai ka juya zuwa harafin P kafin ta bar ka ka canza ISO. Wasu kuma suna da harafin S, ko Tv a kyamarar Canon, inda kai da kanka za ka zaɓi 1/60 ko 1/125, ita kuma ta daidaita sauran.

6. Ka san iyakar filasha. Hasken filasha gajere ne ƙwarai, shi ya sa yake tsayar da motsi cak. Amma ba ya zuwa nesa. Na ƙaramar kyamara yawanci bai wuce mita 3 zuwa 4 ba. Malamin kimiyya ya nuna mana dalili: in nisa ya ninka biyu, hasken da yake isa kashi ɗaya cikin huɗu ne, in ya ninka uku, kashi ɗaya cikin tara. Shi ya sa in ka kunna shi daga bayan ɗakin taro, huluna da ɗankwalin mutanen gabanka ne za su yi fari fat, dandamali kuma ya ƙara duhu. Ka yi amfani da shi in kana kusa. Kada ka haska shi kai tsaye a kan gilashi ko takardar shaida mai leda, zai dawo maka. Kuma ka nemi izini, domin yana kashe ido, yana iya rikita mai jawabi.

7. Ka koyi rabin danni. Madannin ɗaukar hoto hawa biyu ne. Ka sa fuskar mutum a cikin ɗan akwatin da ke tsakiya, ka danna rabi ka riƙe. Za ka ji ɗan ƙara, akwatin ya zama kore, alamar saiti ya kamu. Sai a nan za ka ƙarasa dannawa. In akwatin bai zama kore ba, ka saki ka sake, ka nemi wuri mai bambancin launi, kamar bakin hijabi ko wuyan riga. Wasu kyamarori suna da 'yar fitila a gaba da take taimaka musu a duhu, ka lura kada yatsanka ya rufe ta. Ka kuma duba ko alamar fure tana kunne. Wannan ta ɗaukar abu na kusa sosai ce, kamar ƙwaro ko rubutu, in aka manta da ita na nesa ba lallai ya fito ba.

8. Ka jira motsi ya lafa. Kowane motsi yana da inda yake ɗan tsayawa. Mai karɓar kyauta yakan tsaya lokacin da hannu biyu suka haɗu a kan kyautar. Mai jawabi yakan tsaya a ƙarshen jimla. Nan ne wurin dannawa. Kuma kada ka dogara da hoto ɗaya. Ka ɗauki uku a jere, da wuya a rasa mai kyau a ciki, sauran a goge.

9. Ka tsabtace gilashi, amma da hankali. Ka fara kaɗe ƙura tukuna, musamman da hunturu, domin in ka goga da ƙura a kai za ta karce gilashin. Sannan ka shafa da ƙyalle mai laushi irin na goge tabarau. Ban da bakin riga, ban da gefen hijabi, ban da yawu.

10. Ka duba tun kana wurin. Wannan ne kuskurenmu mafi girma. A 'yar fuskar kyamara kowane hoto kyau gare shi, saboda ƙanƙantarta tana ɓoye aibi. Bayan ka ɗauka, ka buɗe hoton ka ƙara girmansa har ka ga ido. In ido ya fito, hoto ya fito. Da mun yi haka a hoton farko, da mun gane akwai matsala tun kakar yayarmu tana kan dandamali.

Abin da ba ya gyaruwa

Wasu sun ce mana akwai manhajar waya da take gyara hoto. Mun gwada a wayar malam. In dishi-dishin kaɗan ne takan ɗan rage shi. In kuwa ya yi yawa, hasashe kawai take yi, sai ta ƙago wata fuska mai kyau wadda ba ta mai ita ba. Abin da kyamara ba ta kama ba tun farko ya wuce. A nan ma rigakafi ya fi magani.

Game da yayarmu 'yar aji uku, mun je mun ba ta haƙuri. Muka roƙi malamin lissafi ya sake miƙa mata kyautarta a baranda da safe, inda haske yake da kyau, muka ɗauka a 1/250. Kuɗin da muka fara tarawa don mai gyara, da shi muka wanke hoton guda biyu, ɗaya nata, ɗaya za a aika ƙauye. Ya fito tar, har ana karanta sunan littafin da ke hannunta. Amma kakarta ba ta ciki, kuma wannan ba mu da yadda za mu yi da shi.

Mun kai wa malam sakamakon gwajinmu, ya duba, ya ce kyamara ta ci gaba da zama a hannunmu. Ranar Alhamis mai zuwa za a yi muhawara a wannan ɗakin taron dai, saboda haka muna da roƙo guda uku. Masu leƙe ta taga, don Allah ku shigo ku zauna, ku bar mana haske. Masu karɓar kyauta, ku ɗan tsaya ku kalli gaba kafin ku sauka. 'Yan layin gaba kuma, in kun ga ɗayanmu ya tsuguna a gabanku da safar wake a hannu, kada ku yi dariya, aiki yake yi.

Duk mai hoton da ya yi dishi-dishi a gida yana son sanin dalili, ya same mu ranar Laraba bayan an tashi, a ajin da ƙungiya take zama. Za mu duba tare mu gane ko wane iri ne daga cikin huɗun nan. Hotunan muhawara kuwa, in Allah ya yarda, ku neme su a wannan allo ranar Litinin ta sama.



Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida, ɓangaren 'yan aji biyu.